Abin da Ke Bayan "Da Sauƙi": Jagorar Wayar da Kai kan Rage Raɗaɗi ga Marasa Lafiya Masu Rauni

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ya san yadda gaisuwar take tafiya. Ka durƙusa kusa da gado ka ce, "Sannu, Baba, yaya jiki?" shi kuma ya amsa maka da "Da sauƙi, alhamdu lillahi," ko da bai runtsa ba tun daren jiya, ko da hannunsa yana damƙe da ƙarfen gado saboda azaba. Wannan amsa ladabi ce da godiya ga Allah, kuma ba na fatan a raba mu da ita. Matsalar tana farawa ne a lokacin da nas ko likita ko mai jinya ya ɗauke ta a matsayin bayanin halin da jiki yake ciki, ya rubuta cewa maras lafiya ba ya kukan komai, ya wuce gado na gaba. Idan babban mutum mai baki da hankali yana iya ɓoye ciwonsa a bayan kalmomi biyu, to ina ga jaririn da bai iya magana ba, da tsohuwar da gigin tsufa ya kama, da yarinyar da take naƙudar fari tana cije leɓe don kada a ce ta yi raki?

Ƙungiyar masana raɗaɗi ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da IASP, ta keɓe shekarar 2019 domin jawo hankali ga raɗaɗin mutanen da suka fi kowa rauni: yara, da tsofaffi, da masu naƙasar ƙwaƙwalwa ko taɓin hankali, da waɗanda suka tsira daga azabtarwa. Tun a 2010, a taron da aka yi a birnin Montreal na Kanada, an fitar da sanarwar cewa samun maganin raɗaɗi haƙƙi ne na ɗan Adam. Wannan jagora an rubuta ta ne domin wanda yake son ya kai wannan magana unguwarsa ko asibitin garinsu, ko ma'aikacin lafiya ne, ko ɗan ƙungiyar sa-kai, ko malamar Islamiyya, ko uwar da ta gaji da ganin ɗanta yana birgima da dare.

Mataki na farko: ku zaɓi waɗanda za ku fara da su

Kalmar "masu rauni" tana da faɗi, kuma wanda ya ce zai wayar da kai a kan kowa a lokaci ɗaya yawanci ba ya isa ga kowa. Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne ɗaya daga cikin abubuwa uku: ko ba za su iya faɗar ciwonsu ba, ko al'ada ta hana su faɗa, ko kuma suna faɗa amma ba a gaskata su. Jarirai da kurame da masu gigin tsufa suna cikin kashi na farko. Mata masu naƙuda, da yaran da ake yi wa kaciya, da dattawan da suke ganin kuka zubar da girma ne suna cikin na biyu. Masu sikila, da masu taɓin hankali, da wanda aka san ya taɓa shaye-shaye suna cikin na uku. Masu ciwon daji da ya yi nisa da mazauna sansanonin gudun hijira kuwa sukan faɗa cikin dukkan ukun, sannan talauci ya ƙara musu nauyi.

Ku je asibitin da ya fi kusa da ku, ku zauna da nas mai kula da ɗakin kwanciya da mai ba da magani, ku tambaye su waɗanne marasa lafiya ne suka fi kwana cikin ciwo, da kuma irin magungunan da ake da su a ajiye. Daga amsarsu ku ɗauki rukuni ɗaya, ku yi masa aikin wata shida kafin ku ƙara wani.

Mataki na biyu: ku saurari abin da mutane suka riga suka yarda da shi

Ba a zuba ruwa a tulun da yake cike. Kafin ku shirya kowane jawabi, ku tara mutum takwas ko goma, mata daban maza daban, ku tambaye su abin da suke yi idan ciwo ya tashi a gida, da abin da yake hana su neman magani. Za ku ji maganganu iri ɗaya suna ta dawowa, kuma kowace tana buƙatar amsa mai mutunta wanda ya faɗe ta.

Ta farko ita ce jariri ba ya jin ciwo, ko kuma zai manta. Kada ku raina mai wannan magana, domin likitocin Turai da Amurka ma sun daɗe a kanta: har zuwa shekarun 1980 ana yi wa jarirai tiyata da ɗan abin da bai kai ya kawo ba na maganin kashe zafi. A 1987 ne wani likita mai suna Anand da abokan aikinsa a Ingila suka wallafa binciken da ya nuna cewa bakwainin da aka ba maganin raɗaɗi mai ƙarfi lokacin tiyata sun fi ƙarancin matsaloli bayanta. Amfanin wannan labari a wurin taro shi ne yana cire wa iyaye kunya, su ga cewa kuskuren ba nasu ba ne su kaɗai, sannan ya buɗe ƙofar shawara mai sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa uwa ta rungume jaririnta ta ba shi nono lokacin allurar rigakafi ko dab da ita, domin hakan yana rage masa zafi. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Ta biyu ita ce maganar haƙuri, kuma a nan nake son ku fi yin taka-tsantsan. Mutane sun san cewa ciwo kaffara ne ga mumini, wasu kuma sukan fahimci cewa neman a rage shi kamar ƙin ƙaddara ne. Kada ma'aikacin lafiya ya shiga gardamar addini shi kaɗai. Ku nemi limami ko malamar da jama'a suka amince da ita, ku zauna da su tun kafin taro. Su ne za su tuna wa mutane hadisin da Bukhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, da kuma wanda Muslim ya ruwaito cewa Usman ɗan Abil As ya kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kukan wani ciwo da yake ji a jikinsa, sai aka koya masa ya ɗora hannu a wurin ya yi addu'a. Ba a tsawata masa don ya faɗi ciwonsa ba. Haƙuri yana hana mutum fushi da Ubangijinsa, amma ba ya hana shi gaya wa likita inda yake masa zafi. A wuraren da akwai Kiristoci, fasto ne zai ɗauki wannan nauyi a coci.

Ta uku kunya ce da jarumta. An tarbiyyantar da mace cewa kuka a wurin haihuwa abin gori ne, musamman haihuwar fari, kuma akwai ungozomomi da ma'aikatan asibiti da suke ƙara tsananta wannan da tsawa. Ya kamata mata su san cewa shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 kan kula da mai naƙuda sun tanadi a bar ta da wadda ta zaɓa ta zauna kusa da ita, a ba ta maganin rage raɗaɗi idan ta nema, a kuma taimaka mata da tausa da ɗumama baya da sarrafa numfashi. Ɗinkin ƙari ko na yagewa bayan haihuwa kuwa, bai kamata a yi shi ba tare da allurar kashe zafi a wurin ba. Haka ma kaciyar yara.

Ta huɗu tsoron magani mai ƙarfi ne, kuma wannan tsoro yana da tushe. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya a kan shekarar 2017 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan asibiti ne irin tiramadol da kodin suke sha ba bisa ƙa'ida ba. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Iyayen da suka ga abin da waɗannan ƙwayoyi suka yi wa matasan unguwarsu ba za su yi murna da jin sunan mofin ba, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi da ake bayarwa a asibiti. Kada ku ce musu tsoronsu banza ne. Ku nuna musu bambancin da ke tsakanin saurayin da ya sayi ƙwaya a tasha domin ya bugu da mai ciwon dajin da likita ya auna wa magani, yake bibiyarsa, yake ƙarawa ko ragewa gwargwadon ciwo. Ku kuma gyara zaton cewa ba a ba da mofin sai ga wanda ya kusa cikawa, domin ana ba da shi bayan tiyata da karaya da ƙuna, a daina idan an warke.

Mataki na uku: ku koyar da yadda ake tambaya da yadda ake aunawa

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. A bar gaisuwa ta ƙare tukuna, a karɓi "da sauƙi" da "Allah ya ƙara sauƙi," sannan a zauna, a sassauta murya, a yi tambayar da ba za a iya amsa ta da ladabi kawai ba. "Inna, nuna mini da hannunki inda yake miki ciwo." "Kin samu barci jiya, ko ciwon ya tashe ki?" "Kina iya sunkuyawa ki yi sujada, ko a zaune kike salla yanzu?" "Me kike yi da wanda yanzu ya gagare ki?" Dattijon da ba zai taɓa cewa yana shan azaba ba zai iya gaya maka cewa ya yi wata guda bai je masallaci ba, kuma wannan amsa ta ishe ka. Idan surukai ko 'ya'ya suna ɗakin, a roƙe su su ɗan ba da wuri, domin akwai ciwon da mutum ba zai ambata a gaban surukinsa ba.

Hausa tana da wadatar kalmomin ciwo, kuma kowace tana shiryar da likita. Kai yana sara, ciki yana murɗawa, haƙori yana zogi, ƙirji yana suka, gaɓoɓi suna tsami. Wanda ya ce tafin ƙafarsa yana ƙuna kamar an zuba barkono, ko yana jin kamar tafiyar kiyashi, ko kamar jan wutar lantarki, to alama ce ta ciwon jijiya, irin wanda ake gani ga masu ciwon suga, kuma magungunan ciwon jiki na yau da kullum ba su cika yi masa aiki ba. Akwai nasa daban, kamar amitiriftilin, wanda likita ne yake rubutawa. Saboda haka a rubuta kalmar da maras lafiya ya faɗa da bakinsa, kada a dunƙule komai a ce "ciwon jiki."

Sai awo. A asibitoci ana amfani da ma'aunin sifiri zuwa goma, inda sifiri yake nufin babu ciwo, goma kuma mafi tsananin da mutum zai iya tunani. Ga wanda bai saba da lissafin boko ba, yatsun hannu sun fi sauƙi, kuma masu kula da marasa lafiya a ƙasashen Afirka da dama da su suke aiki: dunƙulallen hannu babu ciwo, yatsa ɗaya kaɗan, biyar kuma ya kai maƙura. Yaro daga kimanin shekara huɗu yana iya nuna ɗaya daga cikin zanen fuskoki shida da suka tashi daga sakakkiyar fuska zuwa wadda ta yamutse. Ƙa'idar ita ce lambar da maras lafiya ya faɗa ita ake rubutawa, ba wadda ma'aikaci yake ganin ta dace da fuskarsa ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya shekara goma yana fama da ciwo yana iya yin hira ko danna waya alhali ciwonsa yana kan takwas.

Ga wanda ba ya iya magana kuwa, jiki magayi. Ma'aikatan jinya a Jami'ar Michigan ta Amurka sun fitar da wani ma'auni a 1997 domin ƙananan yara, wanda yake duba abubuwa biyar: fuska, da ƙafafu, da motsin jiki, da kuka, da ko yaro yana rarrasuwa. Kowane ana ba shi maki daga sifiri zuwa biyu, jimla goma. Uwa tana iya koyon wannan cikin minti goma. Tsoho mai gigin tsufa ana duba numfashinsa, da nishi, da yamutsa fuska, da ƙanƙame jiki, da ko yana ture hannun mai juya shi. Sau da yawa abin da iyali suke kira rigimar tsufa, wato tsohuwa ta riƙa faɗa, tana ƙin abinci, tana dukan mai yi mata wanka, ciwon gwiwa ne ko na haƙori ko gyambon kwanciya da ta kasa faɗa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 daga gidajen kula da tsofaffi a Norway ya nuna cewa ba irin waɗannan tsofaffi maganin raɗaɗi bisa tsari, yawancinsu farasitamol kawai, ya rage musu wannan tashin hankali. Ina ganin babu labarin da ya fi wannan amfani ga matar da take jinyar uwar mijinta a gida.

Mataki na huɗu: ku tsara saƙo ɗaya game da magani, kada ku wuce iyakarku

Mai wayar da kai ba likita ba ne, kuma aikinsa ba rubuta magani ba ne. Amma akwai abubuwa kaɗan da ya wajaba kowane gida ya sani, kuma ya kamata ku rubuta su a takarda ɗaya, likita ko mai haɗa magani ya duba kafin ku raba.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ake kira tsanin maganin raɗaɗi domin masu ciwon daji: ciwo mai sauƙi a fara da irin su farasitamol, idan ya ƙi a hau mataki na gaba, mai tsanani kuma a ba da mofin. Tare da tsanin akwai ƙa'idoji biyu da suka saɓa wa abin da muka saba. Ta ɗaya, a sha ta baki muddin ana iya haɗiya. Mutanenmu sun yi imani cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi, har wani yakan ga kamar ba a duba shi ba idan ba a tsira masa allura ba, alhali mofin na ruwa da ake sha yana aiki sosai, kuma yaron da ya san faɗar ciwo tana jawo masa allura zai koyi yin shiru. Ta biyu, ciwon da yake tsaye kullum ana shan maganinsa ne bisa agogo, ba a jira sai ya taso ba, domin kwantar da ciwon da ya riga ya yi ƙarfi ya fi wuya. Idan watan azumi ya zo, a tattauna da likita da malami tun da wuri, tunda Alƙur'ani ya yi wa maras lafiya rangwame ya rama daga baya.

Farasitamol shi ne na kowa, amma yana da iyaka. Babban mutum ba ya wuce ƙwaya biyu masu miligiram 500 a lokaci ɗaya, kuma ba ya wuce sau huɗu a awa 24; tsoho ramamme da mai ciwon hanta suna buƙatar ƙasa da haka. Yaro ana auna masa ne da nauyinsa, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, saboda haka yaro mai kilo 10 mililita 5 ta ishe shi daga ruwan maganin da aka rubuta wa miligiram 120 a cikin mililita 5. A gargaɗi mutane cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki, kuma haɗa su yana iya lalata hanta. Ibufurofen da diklofenak suna da amfani ga ciwon gaɓoɓi da kumburi, amma haɗari ne ga mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai ciki musamman daga tsakiyar goyon ciki zuwa haihuwa, da tsofaffi idan suka daɗe suna sha. Wannan gargaɗi ya fi dacewa da manoma da 'yan dako da direbobi masu sayen haɗin ƙwayoyi a ƙulle cikin leda kowace yamma, ba su san abin da ke ciki ba. Asfirin ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 sai da umarnin likita. Kodin da tiramadol kuwa, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana ba da su ga yara 'yan ƙasa da shekara 12 a 2017, ta kuma gargaɗi masu shayarwa.

Wanda aka ɗora a kan mofin, iyalinsa su san abubuwa uku: yana sa taurin bayan gida, don haka tare da maganin sassauta ciki ake shan sa, tashin zuciya da gyangyaɗi na kwanakin farko yawanci suna wucewa, idan kuma aka ga maras lafiya ya ƙi farkawa ko numfashinsa ya ragu ƙwarai, a garzaya asibiti. A kulle maganin inda yara da matasa ba za su kai ba, kada a ba maƙwabci, abin da ya rage kuma a mayar asibiti.

Mataki na biyar: ku ɗauki sikila a matsayin darasi

Idan kuna neman inda za ku fara, ina ba da shawarar masu amosanin jini, wato sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta. Ciwon yana tashi ne idan ƙwayoyin jini suka lanƙwashe kamar lauje suka toshe ƙananan jijiyoyi, ƙashi ya rasa iskar da jini yake kai masa. A jariri yakan fara da kumburin hannu da ƙafa daga wajen wata shida. Sanyin hunturu, da dukan ruwan sama, da ƙishirwa, da zazzaɓin cizon sauro, da aikin wahala duk suna tayar da shi.

Kowane gida mai sikila ya kamata ya mallaki rubutaccen tsari daga asibitin da yake zuwa: abin da za a ba shi da zarar ciwo ya fara, da yawan ruwan da zai sha, da ɗumama wurin da tsumma mai ɗumi, ba ƙanƙara ba, ba kuma tsaga ko lalas ba. A ƙasan takardar a rubuta alamomin da ba a jira da su a gida: zafin jiki da ya kai digiri 38, ciwon ƙirji ko wahalar numfashi, ɗashewar fata farat ɗaya, kumburin ciki ta hagu, mutuwar ɓarin jiki ko karkacewar baki, matsanancin ciwon kai, da miƙewar gaba mai zafi da ta kai awa biyu, wadda samari suke ɓoyewa saboda kunya har ta yi musu illa. A tambayi likita game da haidiroksiyuriya, maganin da yake rage yawan tashin ciwon, wanda aka yi bincike a kansa a kan yara a Kano.

Sauran aikin na ma'aikatan asibiti ne. Ƙa'idar da Ingila ta kafa a 2012 ita ce a ba mai sikila maganin raɗaɗi cikin minti 30 da isowarsa. A wurinmu sau da yawa abin da yake fara samu shi ne kallon tuhuma, musamman idan saurayi ne kuma ya ambaci sunan maganin da yake masa aiki. Gaskiya ne cewa wasu sun kamu da jarabar allurar kashe ciwo ta fentazosin, wadda take sandarar da tsoka ta bar gyambo. Amma a duba yadda abin yake farawa: mutum ya je asibiti sau biyu sau uku ba a kashe masa ciwo ba, sai ya koma kemis ya koyi yi wa kansa allura. Wulaƙanta shi a bakin ƙofa ba ya raba shi da allurar, yana ƙara tura shi gare ta ne.

Mataki na shida: ku kai saƙon inda mutane suke taruwa

Mata suna cika asibiti ranar awon ciki da ranar rigakafi, kuma minti goma kafin a fara kiran suna sun isa a koyar da awon yatsu da shayarwa lokacin allura. Makarantun Islamiyya na matan aure suna kaiwa ga waɗanda ba sa fita. Maza kuwa ana samunsu bayan sallar Juma'a da majalisar unguwa, kuma kada a tsallake su, tunda a gidaje da yawa sai da izinin maigida da kuɗinsa ake zuwa asibiti. Ku fara da gaishe da mai unguwa ko dagaci. Masu kemis ma a jawo su a jiki, domin su ne mutane suke fara zuwa wurinsu, kuma mai kemis ɗaya da ya daina sayar da haɗi ga tsofaffi ya yi aikin taro goma.

Saƙon murya na minti biyu a WhatsApp ya fi doguwar takarda tafiya, shirin rediyo da ake buga waya kuma yana fito da tambayoyin da ba a yi a gaban jama'a. Ranar 4 ga Fabrairu ta ciwon daji, da 19 ga Yuni ta sikila, da Asabar ta biyu a watan Oktoba ta kula da masu ciwon da ba ya warkewa, lokuta ne da gidajen rediyo suka fi sauƙin ba da fili. Idan maras lafiya zai ba da labarinsa, ya zama da yardarsa, kada a ɗauki hoton yaro yana kuka a yaɗa. Idan kuma akwai masu yaƙi da shaye-shaye a garinku, ku zauna da su ku daidaita magana, don kada su ce duk maganin nan guba ne da safe ku kuma ku ce magani ne da yamma.

Mataki na bakwai: ku tabbatar maganin yana nan

Zalunci ne a koya wa mutum neman haƙƙinsa sannan ya je ya tarar da kanta babu komai. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da ake rarrabawa, alhali magani ne mai araha. Uganda ta nuna cewa ana iya sauya wannan: Dakta Anne Merriman ta kafa cibiyar kula da masu ciwon ajali a Kampala a 1993, aka fara haɗa mofin na ruwa a cikin ƙasar, a 2004 kuma doka ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, abin da ya kai maganin ƙauyukan da babu likita. A Najeriya Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fara haɗin gwiwa da ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka a 2012 domin samar da mofin da horar da ma'aikata.

Ku nemi ganawa da shugaban asibiti da shugaban sashen magunguna, ku tafi da buƙatu uku da za a iya cikawa: a ƙara gurbin makin ciwo a takardar da ake rubuta zafin jiki da bugun jini, a san wanda yake riƙe da makullin akwatin magunguna masu ƙarfi da dare da ranakun hutu, a kuma sanar da ƙananan asibitoci inda za su tura wanda yake buƙatar mofin.

Mataki na takwas: ku ƙirga abin da ya sauya

Yawan mahalarta taro ba ya nuna an rage wa kowa ciwo. Kafin ku fara, da izinin asibiti, wani ma'aikaci ya ɗauki katin marasa lafiya 20 ya ƙirga nawa ne aka rubuta wa makin ciwo, nawa ne daga masu maki bakwai zuwa sama aka ba magani, kuma nawa ne aka koma aka sake tambaya bayan awa ɗaya. Ga masu sikila a rubuta lokacin isowa da lokacin da aka ba da maganin farko. Bayan wata uku a sake ɗaukar wasu katunan 20, a kwatanta, a karanta sakamakon a taron ma'aikata ba tare da kiran sunan kowa ba. Idan lamba ta uku, wato ta komawa a sake tambaya, ita ce ta ƙi motsawa, kamar yadda aka fi gani a ɗakin da nas ɗaya take kula da gadaje da yawa, to ku koya wa masu jinya su riƙa yin awon yatsu da kansu awa ɗaya bayan an sha magani, su rubuta lambar da lokacin a takardar da ke gefen gado, su nuna wa nas idan ta zo zagaye.